Muhawara: an ba 'yata shawarar karanta kiwon lafiya da kula da jama'a a fom shida, mahaifinta ya ƙi

Hajiya, uwar ɗaliba, Leicester

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana na wannan zaure. Shawara nake nema daga waɗanda suka riga mu sanin tsarin karatun Ingila. 'Yata ta biyu tana aji 11, za ta rubuta GCSE, jarrabawar ƙarshen sakandare, a watannin Mayu da Yuni masu zuwa, kuma makarantarsu ta ce kowane ɗalibi ya miƙa zaɓin abin da zai karanta a fom shida, wato aji 12 da 13, kafin hutun Disamba. Malamanta sun yi hasashen za ta sami 6 a Turanci, 5 a lissafi, sannan 5 da 5 a kimiyya, a ma'aunin da 9 ce ƙololuwa. Da muka je ganawar iyaye da malamai, malamar ajinsu ta ce abin da ya fi dacewa da ita shi ne BTEC, wato kwas ɗin koyon sana'a, na kiwon lafiya da kula da jama'a, babban, wanda aka ce daidai yake da darussa uku na A-level, jarrabawar ƙarshen fom shida. Yarinyar ta yi murna, domin tun lokacin jinyar kakarta take cewa aikin nas take so. Mahaifinta kuwa ya ƙi fir, a wurinsa likita za ta zama, kuma yana ganin wannan kwas ba zai kai ta ko'ina ba sai wankin tsofaffi a gidajen kula da su. Don Allah wanda ya san abin da ake koyarwa a ciki, da inda yake kai yaro da inda ba ya kai shi, ya yi mana bayani dalla-dalla.

Alhaji, Landan ta Gabas

Wa alaikumus salam. Hajiya, ina bayan maigidanki, kuma zan faɗi dalili. Hasashen malamai ba hukunci ba ne. Ɗana na fari an yi masa hasashen 5 a kimiyya, muka ɗaukar masa malamin lesin, ya fito da 7. Na daɗe ina lura da cewa idan yaron baƙo bai cika surutu a aji ba, cikin sauƙi ake nuna masa hanyar da ta fi sauƙi, iyaye kuma su yi shiru saboda ganin girman malami. Ku sani cewa makarantun koyon likitanci suna neman A-level, yawanci A uku, da kimistiri ko bayoloji a ciki, galibi ma duka biyun, ga jarrabawar share fage ta UCAT, kuma ana rufe karɓar takardun neman gurbi tun 15 ga Oktoba na aji 13. Wanda ya ɗauki wannan BTEC ya fita daga wannan layi tun yana shekara 16. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma ko an yi dubu ba a fita. A bar yarinya ta gwada mai wuyar tukuna.

Malama mai koyarwa a kwaleji, Birmingham

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Wannan kwas shi nake koyarwa, don haka zan tsawaita, a yi mini haƙuri.

Alhaji ya faɗi gaskiya a kan likitanci, kuma bai kamata a ɓoye wa iyaye wannan ba. BTEC na kiwon lafiya da kula da jama'a ba ya kai ɗalibi kai tsaye ga likitanci, ko likitancin haƙori, ko harhaɗa magunguna. Inda yake kai shi su ne aikin nas, ungozomanci, aikin jin daɗin jama'a, agajin gaggawa na motar asibiti, koyar da ƙananan yara, da wasu fannonin da ke tallafa wa aikin likita, gwargwadon sharuɗɗan kowace jami'a.

Inda na saɓa da Alhaji shi ne maganar a bar ta ta gwada mai wuyar. Makarantu da yawa ba sa barin ɗalibi ya ɗauki A-level na kimistiri sai yana da 6 a kimiyya, wasu ma 7, kuma ba don mugunta suke yin haka ba. Tazarar da ke tsakanin GCSE da A-level a kimistiri babba ce ƙwarai. Kusan kowace Satumba sai na karɓi yara 'yan shekara 17 waɗanda aka tilasta wa kimistiri da bayoloji da lissafi, suka ƙare aji 12 da E ko U, wato mafi ƙarancin ci ko faɗuwa, makarantar ta ce ba za su ci gaba ba, suka dawo wurinmu su fara daga farko. Shekarar da ta tafi ba ita ce ta fi damuna ba. Abin da ya fi damuna shi ne yarinyar da ta zo ta zauna a bayan aji tana ganin kanta a matsayin wadda ta ba mahaifinta kunya, sai mun yi wata da watanni kafin ta yarda ta ɗaga hannu ta amsa tambaya.

Ga yadda lissafin yake. Jami'o'i da dama suna auna sakamako da makin UCAS, hukumar da ake neman gurbin jami'a ta hannunta. A A-level, A tana da maki 48, B 40, C 32, D 24, E 16. A babban BTEC sakamako haruffa uku ne, kuma DDD maki 144 ne, daidai da A uku, DDM 128, DMM 112, MMM 96. Iyayen da suka yi WAEC su kula, a BTEC harafin D shi ne na sama (D* kawai ya fi shi), M na biye, P na ƙasa, kamar yadda 9 a GCSE ita ce ƙololuwa alhali a gida 9 faɗuwa ce. Digirin aikin nas a jami'o'i da yawa yana buƙatar tsakanin 112 da 128, tare da aƙalla 4 a Turanci da lissafi na GCSE, sau da yawa har da kimiyya. To yarinyar da ta fito da C, D, D a A-level tana da maki 80 ne kawai, wato ba likitanci, ba kuma aikin nas ɗin da take so tun farko.

Batun abin da ake koyarwa kuwa, a manhajar da aka fara a 2016 akwai darasin girman ɗan Adam tun daga jariri har tsufa, ta fuskar jiki da tunani da zuciya da zamantakewa. Akwai darasin sassan jiki da yadda suke aiki. Akwai na yadda ma'aikatun lafiya suke gudana da hukumomin da ke sa musu ido, irin su CQC mai duba asibitoci da gidajen kula da tsofaffi. Waɗannan ukun jarrabawa ake zaunawa a rubuta, a kai waje a yi maki, don haka masu cewa babu jarrabawa a BTEC tsohon labari suke bayarwa. Yawancin sauran darussan aikin rubutu ne da ɗalibi yake miƙawa a kan lokaci. Suna karanta dokar daidaito ta 2010, da dokar kula da manya masu rauni ta 2014, da dokar 2005 da ta tsara yadda ake yanke shawara a madadin wanda hankalinsa ya gaza. Muna kuma nazarin abin da ya faru da Victoria Climbié, yarinya 'yar shekara 8 daga Kwaddibuwa da ta rasu a Landan a 2000 a hannun masu riƙonta, bayan ta bi ta hannun asibitoci da 'yan sanda da ma'aikatan jin daɗin jama'a ba wanda ya cece ta. Binciken Lord Laming na 2003 da dokar yara ta 2004 daga nan suka samo asali. Ranar da muke wannan darasi ajin yakan yi tsit, kuma daga ranar ɗalibai suke gane dalilin da ya sa ake matsa musu a kan rubuta rahoto da kai ƙara idan sun ga alamar cutarwa.

Ɗalibar aikin nas, Bradford

Ina gaida iyayena. Anti, ni wannan hanyar na bi, yanzu ina shekara ta biyu a jami'a, kuma ina roƙon Baba Alhaji ya yi mini afuwa idan na saɓa masa.

Abin da ya fi amfanata shi ne zaman koyon aiki, wanda a babban BTEC sai ɗalibi ya cika awa 100. Kafin a tura mu sai da aka yi mana binciken DBS, wanda ake tabbatar da cewa mutum ba shi da laifin da zai hana shi kusantar yara da masu rauni. An tura ni wani gidan kula da tsofaffi, kuma da yake ɗaliba ce ni, ba a ba ni damar ba da magani ko ɗaga kowa ba. Aikina shi ne hira da su, da raba shayi, da taya su cin abinci. Akwai wata tsohuwa mai ciwon mantuwa da ba ta yarda a canza mata kaya, duk wanda ya matso sai ta ture shi. Na ga yadda wata tsohuwar ma'aikaciya take yi da ita: takan durƙusa har idonsu ya daidaita, ta kira sunanta, ta ɗago riguna biyu ta ce wacce take so yau, shuɗiyar ko jar. Da zarar tsohuwar ta nuna ɗaya da yatsa, shi ke nan rigima ta ƙare. A aji mun karanta cewa a ba majinyaci zaɓi a kuma kiyaye mutuncinsa, amma a ɗakin nan na fahimci abin da ake nufi. Da na je ganawar neman gurbi a jami'a wannan labarin na bayar, ba tare da ambaton sunanta ba, domin riƙe sirri yana cikin abin da suke aunawa.

Sai dai akwai wahalar da ya kamata ƙanwata ta sani. Aikin rubutun ba ya yankewa tun daga watan farko, kuma wanda ya saba barin karatu sai dab da jarrabawa ba zai sami D ba, domin makin taruwa yake yi a hankali tsawon shekara biyu. Sannan a shekarar farko ta jami'a waɗanda suka yi A-level na bayoloji sun fi mu sauƙin gane darasin sassan jiki da na magunguna. Lissafin adadin magani kuma ba a yin sassauci a kansa, don haka kada ta yi sakaci da lissafi ko bayan ta ci GCSE.

Alhaji, Landan ta Gabas

'Yata, Allah ya yi miki albarka, ba ki saɓa mini a kan komai ba. Amma ina tambayar Malama: cikin ɗaliban da kike yayewa, duka ne suke shiga jami'a? Tsorona shi ne yarinya ta ƙare da takardar da ba za ta ba ta komai ba sai aikin da ake biya mafi ƙarancin albashi.

Malama mai koyarwa a kwaleji, Birmingham

Ba duka ba ne, Alhaji. Wanda ya fito da P uku zaɓinsa kaɗan ne, kamar dai wanda ya fito da E uku a A-level. Wasu kuma da kansu suke zaɓar kama aiki. Tsoronka yana da tushe idan yaro ya shiga kwas ɗin don gudun wahala, kuma irin waɗannan muna gane su tun kafin hutun farko.

Nas a asibitin NHS, Manchester

Salamu alaikum. Hajiya, ki isar wa maigida da wannan daga bakin wadda take cikin aikin. Digirin nas shekara uku ne, rabinsa a aji rabinsa a bakin gadon majinyaci, awa 2,300 na aiki a asibiti da cikin unguwanni kafin NMC, hukumar da ke yi wa nas da ungozoma rajista, ta sa sunan mutum a rajista. Tun wajen neman gurbi ake zaɓar fanni ɗaya cikin huɗu: manya, yara, lafiyar ƙwaƙwalwa, ko masu naƙasar koyo. Tun Satumbar 2020 ɗaliban da suka cancanta suna samun tallafin fam 5,000 a shekara wanda ba a mayarwa. Sabuwar nas tana farawa ne a mataki na 5 na albashin NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, wajen fam dubu talatin a shekara, kuma daga nan akwai hawa. A sashenmu akwai nas da suka ƙara karatu suna duba majinyaci su rubuta masa magani da kansu.

Ban ce aikin hutu ba ne. Akwai kwanan asibiti, akwai tsayuwar awa 12, akwai ranar Sallah da za ta same ki a bakin aiki, akwai kuma ƙarancin ma'aikata da kowa ya sani. Wankin majinyaci da maigida yake ƙyama yana cikin aikin, kuma ina yinsa har yau. Wurin wankan ne nake ganin gyambon kwanciya tun yana ja bai fashe ba, in ga kumburin ƙafa, in ji numfashin da ya canza, in sanar da likita kafin abin ya yi nisa. Yarinyar da ta yi jinyar kakarta ta kuma fito tana cewa wannan aikin take so, ta riga ta ga abin da yake korar mutane da yawa.

Malam, Sheffield

Ina da tambaya ga 'yar uwa nas, domin ita ce take hana wasu iyaye sakin jiki. Yaya batun hijabi da rufe hannu, kuma shin ana tilasta wa mace ta yi wa namiji wanka?

Nas a asibitin NHS, Manchester

Malam, hijabi ba matsala ba ne, da shi nake aiki, sharaɗin kawai ya zama mai tsabta kuma a cusa shi cikin riga don kada ya taɓa majinyaci. Hannu kuwa ƙa'idar hana yaɗuwar cuta ita ce a bar shi a buɗe daga gwiwar hannu zuwa ƙasa lokacin taɓa majinyaci, amma jagorar tufafin aiki ta NHS ta yarda da hannun riga na leda da ake sawa a yar bayan kowane majinyaci. Game da maza, gaskiya ita ce majinyaci yana iya neman jinsinsa ya kula da shi, amma nas ba ta zaɓar majinyaci, kuma a fannin manya za ta yi jinyar maza. Waɗanda abin ya yi wa nauyi sukan nufi ungozomanci ko fannin yara. Ungozomanci ya fi wuyar samun gurbi, kuma jami'o'i da dama suna neman kimiyya mai ƙarfi a kansa. Hukuncin addini kuwa na malamai ne, gara iyali su tambaya tun yanzu da a bari sai ta shiga shekara ta biyu.

Gwaggo, Landan ta Kudu

Ni abin da ya dame ni a muhawarar nan shi ne duk an karkata ga asibiti, an manta rabin kwas ɗin, wato kula da jama'a. Duk cikinmu ba wanda bai san yadda gabanmu yake faɗuwa idan aka ce ma'aikaciyar jin daɗin jama'a za ta zo gida ba, kuma kullum kukanmu shi ne ba su san tarbiyyarmu ba, ba su san riƙo ba, ba su san dalilin da ya sa yaro ba ya kallon babba cikin ido ba. To wa zai sanar da su idan kowannenmu ya ce ɗansa sai likita ko injiniya? Ga kuma dattawanmu da suka zo ƙasar nan da daɗewa, waɗanda idan ciwon mantuwa ya kama su Turancin yakan gudu ya bar su da harshen da suka tashi da shi. Na ziyarci wani dattijo a gidan kula da tsofaffi, ma'aikatan suna cewa ya daina magana, ina yi masa sallama da Hausa ya amsa har da tambayar mutanen gida. Muna bukatar 'ya'yanmu a wannan aiki, da digirinsu da rajistarsu.

Baban ɗalibi, Coventry

Ba a ambaci T Level ba, wani kwas na koyon sana'a bayan GCSE, kuma shi ɗana yake yi. An fara T Level a 2020, na fannin lafiya a 2021, shi ma daidai yake da A-level uku, kuma zaman koyon aikinsa ya fi tsawo, aƙalla awa 315. Gwamnati ta daɗe tana shirin janye kuɗi daga manyan kwasa-kwasan BTEC da suka yi karo da T Level, ta kuma sanar a Oktoban 2025 cewa za a kawo wasu sababbi masu suna V Level. Saboda haka, Hajiya, ki sa makarantar ta rubuta miki ainihin sunan takardar da za a ba 'yarki a Satumbar da za ta shiga, sannan ku buɗe shafukan jami'o'i uku ko huɗu ku ga ko sun ambace ta a sharuɗɗansu. Jarrabawar T Level tana da nauyi, kada a ɗauka hanya ce ta gudun jarrabawa.

Hajiya, uwar ɗaliba, Leicester

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa mahaifinta duk abin da aka rubuta, lissafin makin da Malama ta kawo ya sa shi yin shiru, amma har yanzu yana tambaya ko akwai hanyar da ba za a rufe mata kimiyya gaba ɗaya ba. Ya kuma tayar da maganar rancen karatu, domin ba ya son 'yarsa ta shiga bashi mai ruwa.

Malama mai koyarwa a kwaleji, Birmingham

Akwai, Hajiya. Ƙaramin BTEC, wanda yake daidai da A-level ɗaya, ana haɗa shi da A-level biyu, misali bayoloji da ilimin halayyar ɗan Adam. Wannan haɗin yana ƙarfafa ta wajen neman ungozomanci, kuma yana rage mata wahalar da ɗalibarmu ta Bradford ta ambata, sai dai zaman koyon aikin ba zai kai na babban ba, kuma sai ta kai kimiyyarta 6 kafin yawancin makarantu su ba ta bayoloji. Likitanci kai tsaye dai da wuya ko da wannan haɗin. Ku tuna ana iya neman gurbi a makaranta fiye da ɗaya, kuma zaɓin da aka miƙa a Disamba ana iya canza shi ranar rajista a watan Agusta idan sakamako ya fito, matuƙar akwai gurbi. Ku nemi babban BTEC ko T Level a kwaleji, ku nemi haɗin a makarantarsu.

Alhaji, Landan ta Gabas

Wannan na yarda da shi, da sharaɗin a ɗaukar mata malamin lesin a kimiyya daga yanzu har Mayu. Idan ta fito da 7 da 7, a sake zama a yi maganar kimistiri. Ban janye ra'ayina a kan hasashen malamai ba.

Ma'aikacin gidan kula da tsofaffi, Nottingham

Hajiya, a kan maganar rance, akwai digirin nas na koyon aiki, inda asibiti yake ɗaukar mutum aiki, a biya masa kuɗin makaranta, yana kuma karɓar albashi. Yakan ɗauki kimanin shekara huɗu. Akwai kuma matakin mataimakin nas mai rajista da NMC, na shekara biyu, wanda ake iya ɗorawa a kai har a zama cikakken nas. Guraben ba su da yawa, kuma galibi waɗanda suka riga suka fara aiki a asibitin ake fifitawa, don haka wanda ya yi zaman koyon aiki ya kuma riƙe sunan wanda zai ba da shaida a kansa ya fi kusa da samu.

Ina kuma jan hankalin 'yan uwa irina da muka zo daga gida da bizar aikin kula da lafiya bayan 2022 tare da iyalanmu. Karatun fom shida kyauta ne ga yaranmu, amma jami'a daban take. Kafin a ɗauki yaro a matsayin ɗalibin gida, mai biyan fam 9,535 a shekarar karatu ta 2025 da samun rance da tallafin NHS, ana neman ya yi shekara uku a ƙasar kuma yana da takardar zama ta dindindin. Wanda bai samu ba kuɗin ɗalibin waje za a nema a wurinsa, wanda ya fi haka nesa ba kusa ba. Duk mai yaro a aji 11 ya zauna ya lissafa shekarar da takardar iyalinsa za ta fito da shekarar da yaron zai gama aji 13, ya kai wannan lissafin wurin mai ba da shawara kan sana'o'i na makarantar tun kafin a cike fom.